BABI NA UKU: CANJE-CANJEN SUTURAR MATA A ƘASAR ƊAMBATTA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin garin Ɗambatta da na Dambazawa masu riƙe da sarautar Sarkin Ban Kano, an kuma yi bayanin sana'o'in mutanen wannan ƙasa. A wannan babi za a duba yadda suturar mata ta yi ta canzawa tun daga wajen shekarar 1900 zuwa yau. Abin da ake nufi da sutura a nan shi ne zane da riga da abin ɗaurawa a ka da kuma abin lulluɓi. Kitso da lalle da kayan ƙarau an bar su sai babi na gaba.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin jama'a, wai matan da sun fi na yanzu rufe jiki, zamani ne ya zo ya tuɓe mata. Idan aka bi abin a hankali za a ga cewa wannan magana ba ta zauna daidai ba, aƙalla a karkarar arewacin Kano. Kakar da ake yabo da ɗaurin ƙirji take wuni, kafaɗunta a waje, kuma ba wanda ya ɗauki hakan a matsayin laifi. Jikarta kuwa ba ta leƙa ƙofar gida sai da hijabi har gwiwa ko har ƙasa. Abubuwan da suka canza na haƙiƙa guda biyu ne. Na farko shi ne hannun da yake samar da zanen, domin a da mace ce take kaɗa zarensa, yanzu kuwa saya mata ake yi ko ta saya. Na biyu shi ne wuraren da mace take zuwa da rana tsaka. A kan waɗannan abubuwa biyu aka gina bayanin da zai biyo baya.

3.1 Zamanin Kaɗi da Saƙa

Kafin zuwan Turawa, da kuma shekaru masu yawa bayan zuwansu, yawancin zanen da matar ƙauye take ɗaurawa daga gonar auduga ya fito, kuma da hannunta a cikinsa. Ƙasar Kano ta daɗe da shahara a kan saƙa da rini. Matafiyin nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya nuna cewa tufafin da ake saƙawa a rina a wannan ƙasa su ne ginshiƙin arzikinta, kuma fatake suna kai su har Timbuktu da Tarabulus. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, duk wannan ciniki a kan mazarin mata ya tsaya, domin babu saƙa sai da zare, zare kuwa mata ne suke kaɗa shi a cikin gida.

Aikin ba ƙarami ba ne. Idan aka tsinko auduga, mace za ta fara da gurza, wato ta ɗora audugar a kan dutse ta murza ta da ɗan ƙarfe har gurya ta fita. Daga nan sai shiɓa, inda ake amfani da ɗan baka a wargaza audugar ta yi laushi a mayar da ita sutu. Sai kuma kaɗi da mazari, ana yi ana dangwalar alli da yatsu don kada zaren ya yi santsi. Siririn zare mai ƙarfi shi ake jerawa a tsaye, abawa kuma mai kauri ita ake ratsawa a kwance. Masaƙa maza suna fitar da siraran ƙyallaye waɗanda faɗinsu bai wuce tafin hannu ba, a haɗa su da allura su zama zane. Wasu matan kuma suna da tasu masaƙar ta jikin bango, wadda take fitar da ƙyalle mai faɗi. Bayan saƙa sai marina, inda ake tsoma zanen a karofin baba da toka, daga can kuma sai wurin mabuga idan ana son ya yi ƙyalli. Ta wannan hanya ake samun saƙi da bunu da gwado, kuma wanda yake da hali yakan nemo turkuɗi ko baƙin ɗan Kura mai sheƙi, ko barage mai ratsin alharini.

Ta fuskar yadda ake sa kayan kuwa, shekarun mace da matsayinta su ne ma'auni. Ƙaramar yarinya jigida ce da ɗan bante, ko ɗan guntun zane a ƙugu. Idan ta fara girma sai ta koma ɗaurin ƙirji, da shi take talla, da shi take zuwa dandali. Matar aure tana sa fatari daga ciki, ta ɗaura zane a ƙirji, ta ɗaura kallabi, idan tana da goyo ta ƙara majanyi. Riga ba ta cikin lissafi ga yawancin mata. Abin da ake kira lulluɓi a wancan lokaci wani zane ne na biyu, irin wanda aka ɗaura ko wanda ya fi shi kyau, da mace take rufa daga ka zuwa kafaɗu idan za ta je unguwa, galibi bayan magariba.

Abin lura a nan shi ne, lulluɓi da kulle alamu ne na matsayi. Malaman jihadi sun yi wa'azi ƙwarai a kan rufe al'aura da hana cakuɗuwar maza da mata, amma waɗanda suka iya riƙe wannan umarni sosai su ne gidajen sarauta da na malamai da na attajirai, wato masu bayi ko barori da za su je rijiya da gona a madadin matan gida. Baiwa da matar talaka suna fita noma da itace da ɗiban ruwa, kuma babu yadda za a yi a riƙe fartanya a riƙe lulluɓi a lokaci guda.

Har ila yau, zane a wancan zamani dukiya ne. Mace tana sayar da zarenta ta hannun yara ko dillaliya, ta tara kuɗin ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Zane mai kyau ana ajiye shi shekara da shekaru, ana jinginar da shi idan ta ɓaci, ana kuma raba shi a gado.

3.2 Gyaɗa da Kayan Kanti

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe hanyar ga 'yan kasuwa a 1912. Burin Turawa shi ne su kwashi audugar Kano zuwa masaƙun Mancesta, amma hakan bai yiwu yadda suka so ba, saboda masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na kamfanonin Turawa. Sai manoma suka karkata ga gyaɗa, wadda ƙasa mai jigawa irin ta arewacin Kano take karɓa ƙwarai. Kuɗin gyaɗa shi ne ya fara kawo yadin kanti ƙauye. Kamfanoni irin su John Holt da UAC, da kuma Kwarori waɗanda daga sunansu Kantin Kwari ya samo suna, suna sayen gyaɗa su sayar da yadi. Daga hannunsu ƙananan 'yan kasuwa suke sarowa su bi kasuwannin ƙauye, ciki har da kasuwar Ɗambatta mai ci ranar Lahadi.

Abin da ya fara shigowa da yawa shi ne akoko da alawayyo, waɗanda farare ne, don haka ma sau da yawa sai an kai su marina kafin mace ta ɗaura. Wato yadin Turawa bai kashe rini nan take ba, sai ma ya ba marina aiki na ɗan lokaci. Wanda ya fara jin jiki shi ne kaɗi, musamman da zaren kanti ya samu, masaƙa suka ga ya fi daidaito kuma ba ya tsinkewa. Fatala da adiko na kanti su ma suka fara ture kallabin saƙa, domin sun fi shi sauƙin ɗauri da yawan launi.

A daidai wannan lokaci wani canji yana faruwa a cikin gidaje. An hana cinikin bayi tun farkon mulkin Turawa, aka kuma soke bautar gaba ɗaya a Arewa a 1936. Matan da suka sami 'yanci, da ma matan talakawa, sun ɗauki barin aikin gona a matsayin shaidar cewa su 'ya'ya ne. Masu bincike irin su M. G. Smith da Polly Hill sun nuna yadda kulle ya yaɗu a ƙauyukan ƙasar Hausa a cikin ƙarni na 20, inda kuɗin amfanin gona da samun rijiya a cikin gida suka sauƙaƙa wa magidanci ya tsare iyalinsa. Sakamakon wannan ga sutura shi ne, lulluɓi ya sauko daga gidajen manya ya zama abin da kowace matar aure take nema. Amma a cikin gida ɗaurin ƙirji yana nan daram, tunda babu baƙon ido.

3.3 Atamfa da Tela

Atamfa asalinta kwaikwayon wani rini ne na mutanen tsibirin Jawa a Indunisiya, wanda masaƙun Holan da Ingila suka mayar da shi aikin inji suka sami kasuwarsa a Afirka ta Yamma. Da farko ta fi ƙarfin matar ƙauye. Abin da ya kawo ta kusa shi ne kafa masaƙun zamani a Arewa. An buɗe Kaduna Textiles a 1957, UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a tsakiyar shekarun 1960, Kano ma ta sami nata masaƙun a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Daga nan atamfa 'yar gida ta wadata. Turmi ɗaya yadi 6 ne, yana ba da falle uku, wato zane da riga da ɗankwali, ko kuma zane biyu da riga.

Wannan lissafi na falle uku shi ne ya tabbatar da riga a jikin matar ƙauye. Keken ɗinki ya bazu, tela ya kafa rumfa a bakin kasuwa, kuma ɗinkin da ya fara karɓuwa shi ne buba, wadda aka aro daga Yarabawa tun daga siffar har sunan. Daga wurinsu kuma aka aro anko, wato 'yan biki su yi kaya iri ɗaya, da ɗaurin gwaggwaro. Shimi da rigar mama suka shigo ta hannun 'yan koli. Gyale mai shara-shara ya maye gurbin zanen lulluɓi mai nauyi, wasu su rufa shi a ka, 'yammata kuma su yafa a kafaɗa. Tsofaffi sun daɗe ba su saki jiki da riga ba, sukan sa ta idan za a fita, da an dawo gida a tuɓe a rataye.

Shekarun 1970 sun zo da abubuwa biyu masu karo da juna. A gefe ɗaya fari na 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun karya noman da ya daɗe yana tufatar da ƙauye. A ɗaya gefen kuma kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya zuba kuɗi a hannun ma'aikata, samari suka tafi birni ƙwadago da kasuwanci suna dawowa da tsaraba. A wannan lokaci ne leshi, wanda mafi tsadarsa daga Ostiriya ake kawowa, da shadda da atamfa 'yar Holan suka zama ma'aunin gata. Gwamnatin soja ta hana shigo da yadi daga waje a 1976 don ta kare masaƙun gida, amma hanin bai hana kayan zuwa ba. Sai dai suka canza hanya, ana sauke su a Kwatano da Lome, a bi da su ta Maraɗi da Damagaram su tsallako iyaka. Wani abin mamaki ma shi ne, hanin ƙara wa 'yar waje daraja ya yi a idon mata.

A nan ne ya kamata a tsaya a kan lefe, domin ta cikinsa yawancin waɗannan kaya suke isa hannun mace. Sunan kansa daga wani kwando ne na kaba da ake zuba 'yan zannuwan amarya a ciki. Daga lefen kaba aka koma kwalla da fantimoti, daga nan sai akwati, sai jeren akwatuna. Abin da yake ciki shi ma ya tashi daga zannuwan saƙa 'yan kaɗan zuwa turamen atamfa da leshi da shadda da gyaluluwa da takalma da jakunkuna, kuma dangin amarya suna ƙirgawa a gaban jama'a. Tunda mace ta daina kaɗa zarenta, nauyin tufatar da ita ya koma kacokan kan miji, a lefe da kayan sallah da kayan fitar suna. Ana yawan zargin mata da kwaɗayi a kan tsadar lefe, amma ba a cika tuna cewa sana'ar da take ba su ikon tufatar da kansu ita ce aka rasa ba. Bayan haka kuma lefe shi ne jarin amarya, domin turmin da ba a ɗinka ba ana iya ba dillaliya ta sayar ranar da buƙata ta taso.

3.4 Shigowar Hijabi

Babu wani canji da ya kai hijabi girma a tarihin suturar matan wannan ƙasa, kuma shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Yaran da aka haifa daga shekarun 1990 sun buɗe ido sun gan shi a jikin kowa, har suna zaton tun fil azal haka Hausawa suke. Alhali kuwa hijabi ɗinkakke, mai zagaye fuska ya sauka ya rufe ƙirji da hannaye, bai zama sananne a Arewa ba sai daga ƙarshen shekarun 1970.

Dalilai da dama ne suka haɗu. Na farko aikin hajji ta jirgin sama, wanda kuɗin mai ya sauƙaƙa, har alhazan Nijeriya suka haura 100,000 a 1977. Matan da suka je sun ga shigar matan wasu ƙasashen Musulmi, sun kuma dawo da jallabiya da mayafai a matsayin tsaraba. Na biyu ƙungiyar Izala, wadda Shaihu Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978 da goyon bayan Shaihu Abubakar Gumi, ta dage a kan cewa neman ilmi wajibi ne a kan matar aure, ko da zai kai ta ga fita daga gida. Na uku juyin juya halin Iran na 1979, wanda ya yi tasiri a kan ɗaliban manyan makarantu. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, ita ma ta ƙarfafa karatun mata da shiga ta kamala.

Amma dalilin da ya fi shafar ƙauye kai tsaye shi ne makaranta. Shirin ilmin firamare kyauta na UPE ya fara a 1976, ya kwashi 'ya'ya mata zuwa aji. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilmin manya a Kano a 1980, aka buɗe azuzuwan mata. Makarantun Islamiyya na matan aure suka yawaita, na 'yan Izala da na 'yan ɗariƙa baki ɗaya, domin kowane ɓangare ba ya so a bar shi a baya. Ga kuma awon ciki da rigakafin yara a asibiti. Duk waɗannan fita ce ta rana, ba irin ta bayan magariba da aka saba ba. Magidancin da ya tashi a cikin al'adar kulle yana buƙatar abin da zai kwantar masa da hankali kafin ya bar matarsa ta ratsa gari da rana, kuma hijabi shi ne ya biya wannan buƙata. Saboda haka ba daidai ba ne a ce hijabi ya zo ya tsare mata a gida. A ƙauyukan wannan ƙasa a tsare ya same su, kuma da shi ne da yawa daga cikinsu suka sami izinin fita.

Ba a karɓe shi cikin ruwan sanyi ba. Da farko ana kallonsa a matsayin tambarin 'yan Izala, don haka gidajen da suke gaba da ƙungiyar sun ƙi shi, wasu dattawan mata kuma suna ganin baƙon abu ne da ya saɓa wa lulluɓin da suka gada. Abin da ya taimaka masa ya tsallake wannan gaba har da sauƙin kuɗi. Shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, darajar Naira ta faɗi har dala ɗaya ta koma wajen Naira 4 a cikin 'yan watanni, atamfa da leshi suka yi tsada. Hijabi kuwa yadi kaɗan ne mai araha, kowane tela yana iya ɗinka shi, kuma yana rufe duk abin da yake ƙarƙashinsa, sabo ne ko tsumma. Matar da ba ta da zanen fita ta sami mafita. Wannan dalili ba a faɗarsa a wurin wa'azi, amma duk wanda ya san zaman ƙauye ya san da shi.

Daga baya hukuma ta shigo ciki. An ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Kano a shekarar 2000, aka kafa hukumar Hisba a 2003, kuma a wannan shekarar gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta sa hijabi cikin kayan makarantar 'yammata a makarantun gwamnatin jiha. Sai dai ya kamata a lura cewa doka ta tarar da abin ya riga ya kafu ne. Zuwa wannan lokaci har yarinya 'yar shekara uku ana ɗinka mata nata, abin da kakarta mai jigida da bante ba ta taɓa mafarki ba.

Shi kansa hijabin bai tsaya a siffa ɗaya ba. Akwai gajere iya ƙirji, da mai kaiwa gwiwa, da mai jan ƙasa, da mai hannu. Kowace Islamiyya da launin nata. Wasu matan suna ƙara niƙabi da safa. Launi ya tashi daga fari da baƙi da ruwan toka ya koma kowane iri, har ana zaɓen wanda zai dace da atamfar da aka sa. Wato abin da ya shigo don ya rufe ado, shi ma ya zama wani ɓangare na adon. Gyale kuma bai mutu ba, sai dai an raba musu aiki: hijabi na makaranta da asibiti da ta'aziyya da salla, gyale na biki da suna.

3.5 Daga Shekarun 1990 Zuwa Yau

A ƙarƙashin hijabi ɗinki ya ci gaba da canzawa, kuma da sauri fiye da da. Buba mai faɗi ta ba da wuri ga riga mai bin jiki, zane ya fara ba da wuri ga siket, sai doguwar riga, sai bubu irin ta Senegal. Finafinan Indiya sun daɗe suna tasiri a birni, amma waɗanda suka kai salon ɗinki har cikin ɗakin matar ƙauye su ne finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda suka fara da Turmin Danya a 1990 suka bunƙasa wajen shekarar 2000. Abaya ta zo daga Saudiyya da Dubai, lafaya kuma daga Barno. Yanzu wayar hannu ta karɓi aikin, yarinya takan nuna wa tela hoto ne kawai ta ce irin wannan take so. Masu cewa zamani ya ɓata shigar mata a nan suke da 'yar hujja, domin ɗinkin ya matse ƙwarai. Sai dai matsattsen ɗinkin a cikin gida da taron mata ake ganinsa, ba a kan hanya ba.

Ta fuskar inda yadin yake fitowa kuwa, labarin ba mai daɗi ba ne. An ɗage hanin shigo da yadi a 1997, kuma ko da aka sake mayar da shi daga baya, bai yi tasiri ba. Rashin wutar lantarki da tsadar man inji da kwararowar atamfa mai araha daga ƙasar Sin sun durƙusar da masaƙun Arewa. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta Kaduna ta bi baya a 2007, yawancin na Kano ma suka tsaya. Atamfa 'yar Caina ta cika Kantin Kwari, daga can take isa kasuwar Lahadi. Ta sa talaka yana iya yi wa iyalinsa kayan sallah da anko, amma ba ta da ƙarko, kuma ba ta ajiyuwa a matsayin jari kamar 'yar Holan. Gwanjo daga Ƙofar Wambai yana cike gurbin kayan yara da na sanyi da na ciki. Faɗuwar Naira bayan an sake ta a 2023, inda dala ta haura Naira 1,500 a 2024, ta sa iyalai da dama rage yawan turamen lefe, wasu kuma suna ba amarya kuɗi ta haɗa da kanta.

Zanen saƙa bai ɓace ƙurmus ba. Ana ganin saƙi a jikin amare ranar kamu, da 'yan makaranta ranar bikin al'ada, da kuma wasu matan Fulani na rugage, amma yawancinsa da zaren kanti ake saƙa shi. Kaɗi kuwa sai a hannun tsofaffi ƙalilan.

Wani abin da ya kamata a ambata shi ne dawowar hannun mata cikin sana'ar tufafi ta wata ƙofar. A shekarun 1960 tela namiji ne, mace aika masa take yi da tsohuwar rigarta ya auna. Yanzu keken ɗinki ya shiga cikin gidaje, har yakan shiga kayan ɗakin amarya, kuma matan aure da yawa a Ɗambatta da ƙauyukanta suna ɗinka hijabai da kayan yara da na 'yan'uwansu mata, suna koya wa 'yammatan unguwa. Mata da yawa sun fi sakin jiki mace ta auna su. Bambancin wannan sana'a da kaɗi shi ne, mai kaɗi daga gonar gidansu take samun auduga, mai ɗinki kuwa yadi da zare da allura da man keke duk sai an sayo mata daga Kano, kuma farashinsu da dala yake tafiya.